Kitson da Ban Yi Miki Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga innarki Hajara, a unguwar Sarsuf ta Tamanrasat, zuwa ga ɗiyata.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida angona Ilyasu, wannan mai kumatun da bai iya komai ba sai tsotso da barci, amma wai shi ne mijina. Allah ya sa kuna lafiya, ya sa ɗaurin kaya bai gajiyar da ku ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali tsakanin gidana da naki lungu biyu ne kawai. Bakina ne ba zai iya ba. Kwana huɗu ke nan ina fama da ajamin da babana ya koya mini tun a Damagaram, alƙalamin yana ta zamewa daga yatsuna, don haka ki yi haƙuri da karkacewar rubutun. Jibi kamiyo, babbar motar kayan nan, zai ɗauke ku zuwa garin Wargla, an kuma ce mini kin sami takardar ci gaba da aiki a gidan likita na can, aikin nan dai namu na bokiti da tsumma. Ban hana ki ba. Aikin halal ne, shi ya ciyar da mu shekara da shekaru. Amma na ga hannuwanki.

Na gan su ranar Juma'a. Kin ƙunsa lalle har wuyan hannu, ba biki ba suna. Da Ilyasu ya yi kuka kika naɗe hannu da gefen zane kafin ki ɗaga shi, da lokacin wankansa ya yi kika miƙa wa ƙanwar mijinki, kika ce ke kunyar ɗan fari kike ji. Matan da ke wurin suka yi dariya suka yaba miki. Ni kuwa sai da na dafa bango, domin na san wannan ƙaryar. Ni na fara yin ta, a kanki kuma na yi ta.

Bari in faro miki daga farko.

Kina da shekara huɗu na shiga aikin gidan likita, lokacin Faransawa suna nan. Babanki Malam yana karantar da 'ya'yan 'yan kasuwarmu, abin da ake kawo masa ba ya kai mu ƙarshen wata. Aikina shi ne goge ƙasa, wanke fo na marasa lafiya, da jiƙa zannuwan gado. An ba mu ruwan jabel da girezil, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, aka nuna mana cikin murfin kwalba ɗaya a bokiti. Ni da iyayina sai na ga murfi ɗaya raini ne. Nakan tuttula uku, wani lokaci huɗu, har ruwan ya yi fari kamar nono, domin a ganina tsabta ita ce wari ya bugi hancin mai shigowa tun daga ƙofa. Aka kuwa yi ta yabona, wai ɗakin Hajara ya fi na kowa. Yabo ya shiga kaina. Safar roba guda aka ba mu, na sa kwana biyu, matan suka ce ga Madam ta iso, na cire na jefa cikin kwando. Da hannu tsirara nake tsoma tsumma, in matse, in sake tsomawa, tun safe har azahar. Kin dai san sanyin garin nan idan ya sauko daga duwatsu, ruwa yakan zama kamar wuƙa. A haka na shekara biyu ina ganin ni ce gwana.

To ki ji, kada ki gaji wannan taurin kan. Abin da aka ce ki zuba, shi za ki zuba, ƙari ba ya ƙara tsabta, fatarki kawai yake ci. Kada ki haɗa jabel da wani magani a bokiti ɗaya. Ki sa safa ko duniya za ta taru ta yi miki dariya, masu dariyar ba za su zo su sosa miki ba. In ta huje ki je wurin majo, shugabar masu jinya, ki ce ta huje, ba roƙo kike yi ba, kayan aiki ne. In kin cire ki juya cikinta ta bushe, domin safa mai gumi ita ma tana dafa hannu, in kuma da hali ki ɗinka wata ta farin ƙyalle ki riƙa sawa daga ciki. Kin gama aiki, ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ki shafa man kaɗanya. Na sa miki gwangwani guda a cikin ƙullin da Gambo maƙwabciyata za ta kawo miki tare da takardar nan.

Da ƙaiƙayi ya faro mini. Sai fata ta yi kaushi, ta tsattsage a gaɓoɓi, in na dunƙule hannu jini ya tsatso. Alwala ta zama azaba, ina zuba ruwa ina cije leɓe. Duk wannan na ɗauke shi gajiyar aiki. Abin da ya karya mini zuciya shi ne ranar da na ga fari-fari sun fito a bayan hannuna na dama, ɗaya kamar ƙwayar gero, ɗaya kamar wake, kafin damina ta zagayo sun haura wuyan hannu.

Ke ba ki san Damagaram ba. Ina yarinya akwai wata ƙanwar kakata da irin wannan farin ya fito mata, wasu suka ce albaras ne, wasu suka ce kuturta ce. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Ƙwaryarta kawai aka ware, da moɗarta, da tabarmarta, aka riƙa janye mu in mun matsa kusa. Har ta rasu ban ga hannun mutum a jikinta ba. Da na dubi hannuna, ita na gani. Na kuma ce a raina, mu baƙi ne a ƙasar nan, in lokotoro, wato likita, ya gani zai kore ni daga aiki, watakila ma jandarma su ɗora mu a mota su mai da mu kudu. Sai na nemi lalle. Na riƙa ƙunshi duk mako, in ja hannun riga, in lokotoro zai wuce in tsoma hannu cikin bokiti har gwiwar hannu don kada ya gani. Ki duba wautar nan da kyau. Abin da ke cin hannun, a cikinsa nake ɓoye hannun. Shekara bakwai ina goge ƙasa a ƙarƙashin ƙafafun mutanen da za su iya gaya mini gaskiya da kallo ɗaya, ban taɓa buɗe baki ba.

Babanki ya gani, mutum ba ya ɓoye wa wanda suke ɗaki ɗaya. Ya ce, "Hajara, ki kai hannun nan a duba. Kullum kina cikinsu." Na ce, "Malam, in sun kore ni, allonka za mu ci?" Magana ce mai ɗaci, na kuma san ta soke shi, amma bai rama ba. Ya ce addini bai ce in azabtar da kaina ba, ya nuna mini yadda mai rauni yake taimama. Wannan ma na ƙi, don kada mata su gan ni ina buga ƙasa su tambayi dalili. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi, da hantsi, ya miƙo hannu yana neman nawa. Na naɗe hannuna da mayafi sannan na ba shi. Ya dube ni, ya dubi mayafin. Kafin la'asar ya cika. Wannan mayafin yana nan a ƙasan akwatina, ba na iya yafa shi, ba na kuma iya ba da shi.

Saboda haka, ɗiyata, ciwo ba abin ɓoyo ba ne. Ni ba lokotoro ba ce, ba zan zauna a Sarsuf in ce ga abin da ke hannunki ba. Amma ranar da kika fara aiki a Wargla, kafin ki taɓa bokiti, ki je ki shimfiɗa hannuwanki biyu a gaban wanda ya sani, ki ce ga shi, mene ne wannan? Ki bar lallen ya goge, kada ki sake ƙunsa wani a kan rauni. In ma abin da kike tsoro ne, yanzu ana ba da magani, gara ki sani da wuri. Mijinki kuma in ya ce ki je, ki je, kada ki mayar masa da baƙar magana irin tawa.

Yanzu na zo wurin da alƙalamin ya fi yi mini nauyi.

Ko kin tuna, ko ba ki tuna ba, kafin ki kai shekara shida ni nake yi miki kitso. Kunyar 'yar fari ban riƙe ta da ƙarfi ba, muna nesa da gida, ba surukai ba dangi, wa zan ji wa kunya? Sunanki kawai nake sakayawa. Amma goyo, wanka, ci a kwano ɗaya, duk mun yi. Gashinki mai yawa ne mai taurin kai irin na uwarki, kina kuka ina ja, in na gama ki ruga wurin babanki ki nuna masa.

Kwana uku bayan na ga farin nan, da yamma, kika zo da matsefi da kibiya kika zauna tsakanin ƙafafuna kamar kullum, kika jingina bayanki da ƙirjina. Na ɗaga hannuwana sama kamar wadda aka ce ta miƙa wuya. Na ture ki da gwiwar hannu na ce, "Tashi ki je wurin Gambo." Kika ce, "Inna, naki nake so." Na daka miki tsawa. Kika tashi kina waiwaye, matsefin yana hannunki. Tun ranar Gambo take yi miki kitso har kika yi aure.

Na ware miki kwano. Na daina dama fura da hannu, na daina gutsura miki tuwo. Da aka fara tambaya, sai na ce ai 'yar fari ce, ta fara girma, ya kamata in kama kaina. Shi ke nan na sami mafaka. Matan unguwa suka riƙa cewa, "Kai, Hajara akwai alkunya, irin ta mutanen da. Ko kallon ɗiyar ba ta yi." Har ana kawo ni misali a gidan suna. Al'adar ba ta yi mini laifi ba, ni na ɗauke ta na lulluɓe tsorona da ita.

Shekarar da kika yi ƙyanda, kwana tara kina kwance, jikinki kamar garwashi. A bakin ƙofa na zauna. Babanki ne yake jiƙa tsumma yana goga miki, Gambo tana ba ki kunu. Kina kiran Inna, Inna, ni ina daga bakin ƙofa ina cewa ga ni nan. Bayan kin warke na ji ki ta katanga kina tambayar Gambo, tana tsefe miki kai, "Gwaggo, da gaske Inna ce ta haife ni?" Gambo ta yi dariya ta ce kunya ce. Ina tsaye da tulu a kaina. Na sauke shi a hankali don kada ku ji, na zauna a ƙasa har ƙafata ta yi sanyi. Wallahi a lokacin gani nake ina tsare ki ne. Na ce gara ki tsane ni da lafiyarki, da ki so ni a ware miki ƙwarya.

Bayan Faransawa sun tafi aka kawo mana sabuwar majo, wata Balarabiya daga arewa, gajera mai faɗa, ba ta barin kowa ya huta. Babanki yana da shekara guda da rasuwa. Wata safiya ina matse tsumma, tsagar babban yatsana ta buɗe, jini ya ɗiga a kan daɓen da na gama gogewa. Kafin in ɓoye ta cafke hannuna. Da hannunta tsirara, ɗiyata, ba safa ba ƙyalle. Na yi ta fizgewa ina cewa da ɗan Larabcina, "Sake ni, za ki ɗauka!" Ta ce, "In ɗauki me?" Ta ja ni bakin taga, ta ture hannun rigata, ta ciro allura ta ce in rufe ido. Ta tsikari tsakiyar farin. Na zabura na ce wayyo. Ta sake tsikarar wani wurin, na sake zabura. Ta duba fuskata da kunnuwana, ta lallatsa gwiwar hannuna, sannan ta kira lokotoro shi ma ya duba. Ta ce, "Wancan ciwon da kike tsoro, wurin mutuwa yake yi, ba a jin allura. Wannan ruwan bokitinki ne ya ƙone ki, ya cinye launin fatar. Ba ya kama kowa. Murfi nawa kike zubawa?" Na ce huɗu. Ta riƙe kai. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce shekara bakwai. Duk abin bai kai a dafa shayi a sha ba.

Na fita bayan ɗakin wanki, tsakanin zannuwan da aka shanya, na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar babanki. Ba kukan murna ba ne. Mayafin nan nake tunawa, da bakin ƙofar nan, da matsefin nan.

Majo ta ba ni man shafawa, ta mai da ni wajen ninke zannuwa har tsagar ta rufe. Farin dai bai koma ba, yatsun kuma sun riga sun yi tauri, kin gan su. Da a watan farko na nuna, da ba a kai nan ba.

Za ki ce to me ya hana ni gaya miki tun ranar? Wannan shi ne kuskurena mafi muni, domin na baya tsoro ne da jahilci, wannan kuwa na san gaskiya. Ranar na dawo gida kusan da gudu. Na same ki a tsakar gida kina tankaɗe, kina da shekara goma sha uku. Na matso, na miƙa hannu zan dafa kanki. Kika kauce, kika kare fuska da rariya, kika ce, "Inna, me na yi?" Hannun da kika sani ke nan, in ya taso sai don tsawa. Na janye hannuna. Na ce, "Ɗankwalinki ne ya karkace." Na shige ɗaki. Na ce gobe. Goben nan ita ce yau, shekara shida.

Girman kai ne, ba wani abu ba. Na kasa tsayawa gaban yarinyar da na haifa in ce na cuce ki a banza. Har lokacin da hannuna ya kasa matse tsumma kika karɓi aikin a madadina, abin da na iya ce miki kawai shi ne, "Ki riƙa sa safa," da muryar faɗa, ban gaya miki dalili ba. Na san kin ɗauke shi cikin faɗan da na saba. Kin girma kina kallon hannuwana, kina ganin kwanon da na ware, ba wanda ya yi miki bayani. Da naki suka fara, dole ki ce ciwon Inna ne ya biyo jini. Ki saurare ni da kyau. Abin da ya same ni ba a jini yake ba, a bokiti yake. Ban gadar miki da ciwo ba. Abin da na gadar miki shi ne ɓoyo, shi nake roƙon ki ajiye a nan Tamanrasat, kada ki hau kamiyo da shi.

Ki ɗauki yaron nan. Ki yi masa wanka, in sabulu yana yi miki zafi ki sa wani ya cuɗa, ke ki tsane shi ki shafa masa mai. Sunansa in kina so ki sakaya, wannan ladabi ne mai kyau, amma kada ki bari a yaba miki a kan nisantar ɗanki. Ni an yaba mini shekara goma sha uku, ga abin da na tsira da shi. Yaro ba ya sanin dalili, abin da ya sani kawai an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. In kuma wata rana kin yi masa kuskure, ki faɗa masa a ranar, ko bakinki yana rawa. Kada ki ce gobe.

Gambo ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, ba ta iya karatu, na ce mata addu'o'in tafiya ne. Ita ma ki yi mata sallama ta musamman, ta riƙe kanki lokacin da uwarki ta sake shi.

Saura abu ɗaya, roƙo ne, ba umarni ba. Gobe da hantsi zan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina. Matsefin nan yana wurina, shi dai na ranar, na tsince shi a gidan Gambo na adana. Akwai kibiya, akwai sauran man kaɗanya. Yatsuna ba sa lanƙwasuwa kamar da, kitson ba zai yi kyau ba, matan Wargla za su tambaye ki wace makauniya ce ta yi miki. In kin zo, ba sai kin ce komai ba, ki zauna kawai, ki aje mini angona a gefe. In ba ki zo ba, ban ga laifinki ba, kuma addu'ata tana tare da ke duk ɗaya.

Allah ya kai ku lafiya. Ya tsare ku a cikin duwatsu da cikin rairayi, ya tsare motar da direbanta, ya sa kada ruwanku ya ƙare a hanya, ya sauke ku Insala lafiya, ya tashe ku lafiya har Wargla. Allah ya haɗa ki da shugabannin aiki masu tausayi, ya warkar da hannuwanki, ya raya Ilyasu a cikinsu. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya yafe mini. Ke ma ki yafe mini in kin iya.

Tun da aka raɗa miki suna ban taɓa kiran sa ba, ko a gabanki ko a bayanki. Bakina har yanzu yana jin nauyi, amma hannun nan da ya ƙi ki shi ya kamata ya fara.

Zainabu. Zainabu, ɗiyata, ina jiran ki gobe.

Wassalam. Innarki, Hajara.